Wa ke ba da izinin ɗaukar fim a kufai da ganuwa? Giɓin da doka ta bari a Mafara, Bakura da Maradun

A watan Fabrairun 2017 kamfanin tufafin ƙawa na Gucci ya nemi gwamnatin Girka ta ba shi izinin yin bikin nuna kaya na minti 15 a kan dutsen Akrofolis, inda tsofaffin gine-ginen birnin Atens masu shekara kusan 2,500 suke tsaye. Jaridun ƙasar sun ruwaito cewa kamfanin ya yi tayin Yuro miliyan biyu domin a kashe wajen gyaran wurin. A lokacin bashi ya yi wa Girka katutu, ana zaftare albashi da fansho, amma Majalisar Ƙoli ta Kayan Tarihi ta ƙasar ta zauna ta ƙi amincewa. Dalilinta shi ne irin wannan biki bai dace da martabar wurin ba.

Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, akwai abu ɗaya da ba a jayayya a kansa: Gucci ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya san dokar da za a auna buƙatarsa da ita, kuma an ba shi amsa a rubuce. Matashin da ke son ɗaukar bidiyon waƙa a gindin wata tsohuwar ganuwa a ƙasar Bakura, ko mai shirya fim ɗin tarihi da ke son kafa kyamara a wani kufai a ƙasar Maradun, ba shi da wannan gata. Zai gaida dagaci, wataƙila ya leƙa wurin uban ƙasa, ya sanar da jami'an tsaro saboda halin da ake ciki, ya yi fatan kada wani ya ce ya taɓa addini ko al'ada. Daga cikin waɗannan mutane babu wanda aikinsa shi ne ya tambaye shi ko motar kayansa za ta taka ragowar badala, ko kuma tsingaron da yaransa za su tsinta a ƙasa ina za a kai shi.

Abin da ke kwance a wannan yanki

Masu ganin cewa maganar wuraren tarihi ta Kano da Katsina da Zariya ce kawai ba su san ƙasar Zamfara ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi, kuma Faru na cikin garuruwan da ya zauna. Masana tarihi na ambaton haɗuwarsa da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a filin Idin Magami wajen 1788, inda ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi a maimakonta a sakar masa mara ya yi wa'azi, a sassauta wa talakawa haraji, a saki fursunoni. Faru da Magami sunaye ne da har yau ake kiran mazaɓa guda da su a ƙaramar hukumar Maradun. A ƙasar da ta san darajar abin da take da shi, wannan haɗuwa kaɗai ta isa a gina fim da wasan kwaikwayo da darasin makaranta a kanta.

Sarautun Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun tsofaffi ne, kuma kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, kowace tana da kufan da aka taso daga cikinsu, da tsofaffin maƙabartu, da marina da maƙeru da aka daina aiki a cikinsu. A ƙarƙashin wannan kuma akwai tarihin da ya girmi sarautun kansu. Mutum-mutumin yumɓu da ƴan kasuwar Turai ke kira na Sakkwato, waɗanda ake ƙiyasta shekarunsu da kusan dubu biyu, daga ƙasar tsohuwar Jihar Sakkwato aka haƙo su, jihar da aka ciri Zamfara daga jikinta ranar 1 ga Oktoban 1996. A shekarun 1990 an yi ta tonon irinsu a yankin Kwatarkwashi ana sayar wa dillalai, ba tare da wani masani ya rubuta inda aka samo kowanne ba. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa mutum-mutumin Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi duniya kada a saya domin na sata ne.

Akwai kuma asarar da ta riga ta auku da hannun hukuma. An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya kammala ta a 1978. Tafkin ya shanye ƙasa mai faɗin kadada kusan 8,000, aka tashi mutum wajen 13,000 daga gidajensu. Duk inda aka tashi gari, an tashi masallacinsa da kushewun kakanninsa da iyakokin gonakinsa. A Afrilun 1980 manoman da ke neman diyya suka tare hanyoyin aikin, ƴan sanda suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da ɗoriya ne suka mutu, wasu rahotanni suka kai adadin ɗaruruwa. Dokar da ta tilasta auna illar manyan ayyuka ga muhalli ba ta zo ba sai 1992. Abin da ruwa ya rufe ya rufe ke nan, amma wuraren da aka yi wannan artabu suna nan, kuma su ma wuraren tarihi ne da wata rana wani zai so ya ɗauki fim a cikinsu.

Dokar 1979: ta san mai haƙa, ba ta san mai kyamara ba

Dokar da ke kula da wannan fanni a Najeriya ita ce Doka ta 77 ta 1979, wadda gwamnatin soja ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa da ita, hukumar da aka fi sani da NCMM. Ta gaji dokar Turawan mulki ta 1953 da kuma dokar 1974 da ta hana cinikin kayan tarihi. Har yau ita ce ke aiki, ba a sake mata gini ba.

Dokar ta raba abu biyu, kuma a wannan rabo ne matsalar Zamfara take. Na farko shi ne kayan tarihi. Ma'anarsu a dokar tana da faɗi: duk abin da ke da muhimmanci ga masu binciken tarihi ta hanyar haƙa, da ƙasar da aka same shi a cikinta ko ake kyautata zaton yana ciki, da ragowar mazaunin mutanen farko, da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, da wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Ba a yarda kowa ya haƙa ƙasa neman irin waɗannan kaya ba sai da takardar izinin hukumar da yardar gwamnatin jiha. Wanda ya ci karo da su yana noma ko gini, wajibi ne ya kai rahoto cikin kwana bakwai. Saye da sayarwa sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi, fitarwa waje kuma sai da izini.

Na biyu shi ne wurin tarihi na ƙasa. Shi wannan ba ya samun kariya don tsufansa. Sai hukumar ta nemi a ayyana shi, an buga sanarwa, an ba mai wurin damar ƙorafi, sannan shugaban ƙasa ya amince. Bayan haka ne rushe shi ko ɓata shi ko sauya masa kama ke zama laifi. Wuraren da suka tsallake wannan siraɗi a duk faɗin Najeriya 65 ne, yawancinsu tun a shekarun 1950 da 1960. A Arewa akwai Gidan Makama da ganuwar Kano, da Hasumiyar Gobarau da kushewun Durɓi ta Kusheyi a Katsina, da ganuwar Zariya, da zanen duwatsun Birnin Kudu, da kufan Surame, birnin Kanta na Kabi. Babu ko ɗaya a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun.

Ma'anar wannan a aikace ita ce: wanda ya ɗauki diga ya tona kufai neman mutum-mutumi ya karya dokar tarayya. Wanda kuma ya kawo janareta da manyan lasifikoki da mahaya doki hamsin, ya yi kwana uku yana sukuwa a kan ragowar ganuwar da ba a ayyana ba har ta zube, da wuya a nuna masa sashen wannan doka da ya taka. Ko a wuraren da aka ayyana ma, abin da dokar ta yi magana a kai shi ne shigar jama'a da kuɗin shiga da dokokin da hukumar za ta iya gindayawa. Ba ta shimfiɗa ma'aunin da za a duba buƙatar mai fim ko mawaƙi ko mai ɗaukar hoton talla da shi ba. An rubuta ta ne shekara 11 kafin fitowar Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafa farkon masana'antar bidiyon Hausa da shi, kuma shekara 20 kafin a raɗa wa masana'antar suna Kannywood.

Hukuncin da ke cikinta ma ya zama abin dariya. Tarar da aka rubuta da alƙaluma daga ƴan ɗaruruwa ce zuwa ƴan dubban naira, kuɗin da a 1979 sukan sa mutum ya yi tunani, yau kuwa ba su cika tankin babur ba. Gaskiya ne an haɗa da ɗauri da ninkin darajar abin da aka ɓata, amma wa zai yi wa ganuwa kuɗi? A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano domin faɗaɗa hanya, alhali ganuwar Kano da ƙofofinta na cikin wuraren da aka ayyana. A Satumban 2016 aka rushe ginin Ilojo a Legas, shi ma yana cikin 65 ɗin nan. Idan wanda ke cikin rajista bai tsira ba, ina ga wanda ba a taɓa rubuta sunansa ba?

Masu tace fim suna kallon wani abu dabam

Wani zai ce ai akwai hukumomin tace finafinai. Akwai su. Ta tarayya an kafa ta a 1993, ta Jihar Kano kuma a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. Sai dai idonsu yana kan sutura da rawa da cuɗanyar maza da mata da kalaman da ka iya tada fitina. Fim zai iya wucewa ta hannunsu lafiya lau alhali an fasa bangon tsohon masallaci wajen ɗaura fitila, haka kuma za a iya dakatar da fim ɗin da bai taɓa ko tsakuwa ɗaya ba. Tarbiyya suke tsaro, ba gini ba, kuma ba don gini aka kafa su ba.

A Zamfara lamarin ya ƙara tsauri. Nan ne aka fara shelar aiki da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, dokar ta fara aiki a Janairun 2000, aka rufe gidajen sinima, kiɗa da waƙa suka shiga takura. Wannan ya faru ne a ƙasar da ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda asalinsa ƙasar Bakura ne, ya yi suna da Maradun, ya rasu a 1991, da kuma Sa'idu Faru, makaɗin fada wanda ya ɗauki sunan garinsu. Da wuya a sami wani yanki na ƙasar Hausa da ya fi wannan ba da gudummawa ga kiɗan fada. Duk da haka, a yau mai fasaha a nan ya fi sanin abin da aka hana shi a kan abin da aka yarje masa.

Sai kuma batun tsaro, wanda ya rufe sauran. An sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara a Fabrairun 2021, aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura a Agustan shekarar, aka kwashi ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta Maradun a farkon Satumba. A Maris ɗin wannan shekara gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin jihar. Tun 2016 ma tashin jirgi marar matuƙi, irin wanda masu fim ke ɗaukar hoton sama da shi, yana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A dazuzzuka da yawa kuwa, mai bindiga ne ke yanke wanda zai shiga. Kwiambana, tsohon mazauni mai ganuwa a kudancin jihar, yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 1995 a matsayin waɗanda take fatan a karrama, amma dajinsa ya zama wurin da matafiyi ke gudu.

Za a iya cewa a irin wannan hali maganar izinin ɗaukar fim wasa ce. Ni ban gan ta haka ba. Lokacin da hukuma ta janye daga daji shi ne lokacin da ake tonon kufai babu mai gani. Zamfara ta riga ta ga yadda haƙar zinare ta bayan fage ke cin ƙasa da rai: gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, an hana haƙar ma'adinai a Afrilun 2019, aka ɗage hanin a Disamban 2024. Dokar ma'adinai ta 2007 ta keɓe ƙasar da ke ƙarƙashin dokar NCMM daga wuraren da za a ba da lasisin haƙa. Amma mai ba da lasisi a Abuja taswira yake dubawa. Kufan da ba ya cikin kowace rajista, a idonsa fili ne kawai.

Abin koyi a Girka, da abin gudu

Tun 1834 Girka ke da dokar kayan tarihi, ƴan shekaru bayan samun ƴancinta. Wadda ke aiki yanzu ita ce ta 3028 ta shekarar 2002, da aka sake tsarawa a 2021. Bambancinta na farko da tamu shi ne ba ta jiran ayyanawa: duk gini ko kufan da ya girmi 1830 yana cikin kariya kai tsaye, ko an san da shi ko ba a sani ba. Da irin wannan layi guda yana cikin dokarmu, da ganuwar kowane tsohon gari a ƙasar Hausa ta shiga inuwa ba tare da jiran sa hannun shugaban ƙasa ba.

Bambanci na biyu shi ne sashe na 46, wanda ya yi magana kai tsaye kan amfani da wuraren. Ya yarda a yi wasa da kiɗa da ɗaukar fim, bisa sharaɗin a nemi izini, abin ya dace da yanayin wurin, kada ya cutar da shi, kuma a biya kuɗin da ke shiga asusun kula da kayan tarihi. Wannan ne ya sa tsofaffin dandalin Girka suke raye. Tun 1955 ake bikin wasanni na shekara-shekara a Atens da Efidawurus, dandalin da aka gina ƙarni huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, mai ɗaukar mutum kusan 14,000. Shahararriyar mawaƙiya Maria Callas ta yi waƙa a cikinsa a 1960. Da aka lura takalma masu tsinin dunduniya na ƙwarzane duwatsu, sai aka hana shiga da su a 2009. Irin wannan ƙaramin sharaɗi yana fitowa ne daga hukumar da ke zuwa ta duba wuri bayan an tashi daga biki.

Amma tsarin yana da lam'a, kuma Girkawa da kansu suna ƙorafi. Kalmar dacewa da martabar wuri roba ce, kowa na iya ja ta inda yake so. An hana Gucci a 2017, sai ga shi a 2021 an bar kamfanin Dior ya ɗauki hotunan tufafinsa a Akrofolis ɗin. A 2018 majalisar ta hana BBC ɗaukar wani shiri a haikalin Suniyon, gwamnati ta nuna ɓacin rai, cikin ƴan kwanaki aka sake zama aka amince. A 2025 aka hana Yorgos Lanthimos, darektan da ya fi kowane ɗan Girka suna a duniyar fim a yau, ɗaukar wani ɓangaren fim ɗinsa a Akrofolis saboda abin da za a nuna a ciki. A nan majalisar ta tsallaka daga kare dutse zuwa tace labari.

Wannan shi ne ramin da ya kamata mu kauce masa, domin a wurinmu ya fi zurfi. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a Kano bayan malamai sun yi ca a kai. Idan aka ba wani kwamiti ikon hana ɗaukar fim a wurin tarihi bisa hujjar martaba ba tare da an fayyace ta ba, wanda zai fara shan wuya shi ne mai son ba da labarin Bakolori, ko mai son nuna mutum-mutumin yumɓu a matsayin shaidar cewa an yi mutane masu fasaha a wannan ƙasa kafin zuwan Musulunci. Mutane da yawa suna ƙyamar waɗannan kaya a matsayin gumaka, kuma wannan ƙyama ta sauƙaƙa wa dillalai aiki, tunda abin da mai gona ke ganin ƙazanta ne ba zai yi jayayya kan farashinsa ba. Ajiye abu domin ilimi dabam, bauta masa dabam, kuma Masar da ke da Azhar ba ta rushe gidajen tarihinta ba.

Wanda ya ci riba da hoton

Amfani da wurin tarihi bai tsaya ga tsayuwa a cikinsa ba, har da amfani da surarsa. A Girka, sa hoton tsohon gini a talla ko a jikin kayan sayarwa yana buƙatar izini da biya. A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta yarda aikin fasaha da ke a bainar jama'a ya fito a cikin fim ko shirin talabijin. Ta kuma ba da kariya ga fasahar gargajiya, wato waƙoƙi da raye-raye da tatsuniyoyi da ayyukan hannu irin su ginin tukwane, ta ce cin kasuwa da su a wajen muhallinsu na al'ada sai da izini. Sai dai ikon ba da izinin yana hannun Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, ba hannun garin da ya raini fasahar ba. Mutanen Faru ba su da kujera a teburin da za a yanke yadda za a yi amfani da abin da kakanninsu suka bari.

Misali mafi zafi yana Faransa. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin ƙasar ta sayi mutum-mutumi uku daga hannun wani dillali, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato, aka fara baje kolin wasu daga cikinsu a gidan tarihi na Louvre a shekarar 2000, duk da cewa dokar Najeriya ta haramta fitar da su. Bayan surutu ya yi yawa, a 2002 ƙasashen biyu suka daidaita: Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Lissafi ya nuna wa'adin yana cika a 2027. Shekara da shekaru ɗaliban zane a birnin Faris suna zama gaban aikin da aka tono daga ƙasar Sakkwato suna kwaikwaya, yayin da ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara sai dai ya gan shi a intanet.

Ikon da ke Gusau

An saba ɗora komai a kan Abuja, amma a wannan batu tsarin mulkin 1999 ya raba aikin. Wuraren da aka ayyana na ƙasa suna hannun tarayya, kuma ko su sai da yardar jihar da suke cikinta. Duk sauran, majalisar dokokin jiha na da ikon yin doka a kansu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin amfani da filayen karkara. Sashe na 21 na tsarin mulkin ya ɗora wa gwamnati kare al'adu, kodayake yana cikin babin da ba a iya kai ƙara kotu a kansa kai tsaye. Wato kusan duk abin da ke Mafara da Bakura da Maradun yana cikin hurumin majalisar jiha mai kujeru 24 da gwamnan da ke Gusau.

Yankin kuma bai rasa murya a gidan gwamnati ba. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan daga cikin 24 na farkon wannan jamhuriya.

Duk dokar jiha da za ta yi amfani a wannan fanni, da rajista za ta fara. Aikin ba ya buƙatar biliyoyi: masarautun uku sun san kufansu, dattawa na raye, jami'ar jiha tana Talata Mafara, ta tarayya tana Gusau, sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya daɗe yana horar da masu wannan aiki, kuma wayar hannu na iya ɗaukar hoto da alamar wuri a taswira. Inda ba a iya zuwa saboda tsaro, a rubuta daga bakin waɗanda suka yi hijira daga can, tun suna tuna inda ganuwa ta bi. Sakkwato tana da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, Kano tana da tata a Gidan Ɗan Hausa, don haka ba sabon abu ba ne jiha ta riƙe irin wannan kundi.

Bayan rajista sai takardar izini, kuma a nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan da darasin Girka. Sharuɗɗan su tsaya kan abin da ake iya aunawa: yawan mutane da dabbobi, nisan mota da janareta daga gini, hana kafa ƙusa ko fenti ko kunna wuta a jikin bango, hana taka kushewa, mayar da duk abin da aka tsinta. A sa wa'adin ba da amsa, a rubuta dalilin ƙi, a ba wanda aka hana damar ɗaukaka ƙara. Ɗalibi da mai ɗaukar bidiyo da waya kada a caje su kamar kamfanin talla. Kuɗin da aka karɓa kuma a bar kaso bayyananne a garin da wurin yake, a liƙa lissafinsa a ƙofar fada, domin makiyayi da manomin da ke kewaye da kufai su ne masu gadinsa na gaskiya, kuma mutum ya fi tsare abin da yake ganin amfaninsa.

A matakin tarayya, tun 2023 aka kafa ma'aikata ta musamman ta fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira, aka ba Hannatu Musawa ƴar Katsina, a 2024 aka haɗa mata da yawon buɗe ido. NCMM da hukumar tace finafinai ta ƙasa duk suna ƙarƙashinta, wato mai kula da ganuwa da mai kula da fim minista ɗaya suke amsa wa. A Disamban 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, kamar yadda ta yi wa bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Gyaran dokar 1979 yana hannun Majalisar Tarayya, inda Zamfara ke da sanatoci uku da wakilai bakwai. Talata Mafara da Bakura da Maradun duk suna cikin mazaɓar Zamfara ta Yamma, kuma wa'adin aron mutum-mutumin Sakkwato da ke Faransa zai cika ne a shekarar da za a sake zaɓen masu riƙe da waɗannan kujeru.